Haƙƙin Ɗan'uwan Mai Sikila

Idan aka shiga gidan da Allah Ya jarrabi mutanensa da amosanin jini, wato sikila, za a ga masu dubiya suna wucewa kai tsaye wurin majinyaci, su yi wa uwa sannu, su jajanta wa uba, amma da wuya a sami wanda zai waiwayi yarinyar da ta durƙusa tun kafin asuba tana gasa wa ƙanenta gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi, alhali makaranta na jiranta, ya tambaye ta yadda ta kwana. Irinta kuwa ba su ƙidayuwa, domin bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan larura a Nijeriya kowace shekara.

Ita ce ke fargabar shigowar hunturu, saboda ta san sanyi na tayar da ciwon. Ita ce ke tsare ƙanne in an kwana asibiti. Kuma in kuɗin littafinta ya tafi ga ƙarin jini, iyakar abin da za ta ji shi ne, ke ce babba, yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, babu jayayya, sai dai wanda aka ɗora wa yaro ba tare da bayani ba yakan rikiɗe ya zama kishi a ɓoye, kishin ya haifi nadama, har ta riƙa tuhumar kanta don ita ce aka bai wa lafiya.

Al'amarin kuma yana biyo ta har bakin aure, domin idan iyaye duka biyu AS ne, wato masu ɗauke da irin sikila ba tare da ciwon ba, cikin 'ya'yansu uku da ba su da ciwon, a ƙa'idar gado biyu suna ɗauke da irinsa. Ga shi tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin ɗaura aure, kuma bai kamata yarinyar ta fara sanin matsayinta a wannan rana ba, bayan an riga an karɓi kuɗin gaisuwa.

Iyaye, ku zaunar da ita ku gaya mata gaskiya gwargwadon hankalinta, cewa ciwon gado ne, ba sammu ba, ba ya yaɗuwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ku kai ta gwaji tun tana ƙarama, ku kuma raba aikin jinya tsakanin dangi, kada karatunta ya salwanta.