Yaran da giya ta taɓa tun suna ciki: ina bincike ya kwana?

 A shirinmu na kiwon lafiya na yau za mu fara ne daga birnin Nantes na ƙasar Faransa, wajen wani likitan yara mai suna Paul Lemoine.

Shi wannan bawan Allah ya daɗe yana lura da wani abu a ɗakin yaran da yake dubawa. Yara ne daga gidaje daban-daban, ba dangin iya ba na baba, amma in ka jera su sai ka rantse uwarsu ɗaya. Ɗan ƙaramin kai, ƙananan idanu, siririn leɓen sama, ga rashin girma, ga rashin natsuwa. Da ya bi diddigi sai ya tarar abin da ya haɗa su guda ne: iyayensu mata mashaya giya ne ƙwarai. A 1968 ya wallafa bayanin yara 127 a wata ƙaramar mujallar likitoci ta yammacin Faransa. Yara 127 fa, jama'a. To me ya biyo baya? Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. A ƙasar da giyar inabi take kan teburin cin abinci, ba wanda ya so jin wannan zance.

Ba likitocin Faransa kaɗai za mu ɗora wa laifi ba. A wancan zamanin, a wasu asibitocin Amurka, idan naƙuda ta taso wa mace kafin lokaci, barasa ake sa mata a ƙarin ruwa, ta jijiya, wai don a tsayar da naƙudar kada ta haifi bakwaini. An ɗauka mabiyiya tana tace komai. Ashe barasa wucewa take yi kai tsaye, ga shi hantar ɗan tayi ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa ta ba.

Sai a 1973 duniya ta saurara, bayan da Kenneth Jones da David Smith da abokan aikinsu a birnin Seattle suka bayyana yara takwas a mujallar Lancet, daga baya a shekarar suka raɗa wa matsalar suna. A 1981 hukumomin lafiya na Amurka suka gargaɗi masu juna biyu, a 1988 aka yi dokar manna gargaɗi a jikin kwalba. A yau likitoci suna tattara matsalar gaba ɗaya, mai tsanani da mai sauƙi, ƙarƙashin haruffan FASD.

Shi kuwa Lemoine bai saki yaransa ba. Bayan shekaru fiye da ashirin ya koma ya nemo sama da ɗari daga cikin waɗanda ya taɓa dubawa, sun zama manya. Abin da ya gani, ya wallafa a 1992: fuskar nan ta sauya da girma, amma matsalar ƙwaƙwalwa tana nan daram. Ku riƙe wannan, domin a nan wahalar gane cutar take.

Abin da likita yake iya aunawa da ido abu uku ne a fuska. Faɗin buɗewar ido. Kaurin leɓen sama. Sai ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe. Sa yatsa ka taɓa naka, za ka ji tudu biyu da rami a tsakiya. Yaron da giya ta taɓa sosai, wurin yakan zama sumul. A Jami'ar Washington, Susan Astley da Sterling Clarren har kati suka yi mai hotunan leɓe biyar, likita ya kara shi kusa da bakin yaro ya ga da wanne ya yi kama.

To amma a 1981 wata mai bincike, Kathleen Sulik, ta ba ɓeraye masu ciki barasa a rana ta bakwai kawai, sai ga 'ya'yansu da irin wannan fuska. Ranar nan ta yi daidai da mako na uku a cikin ɗan Adam, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san ta samu ciki ba. Fuska ke nan, ɗan taƙin lokaci gare ta. Ƙwaƙwalwa kuwa wata tara cur ana gina ta. Saboda haka mafi yawan yaran da abin ya shafa, fuskarsu lafiya ƙalau, ba alamar komai. Sai an kai makaranta a ce yaro ba ya jin magana, an koya masa yau gobe ya manta, an yi masa horo ya sake maimaita laifin.

Ga misali. Philip May da abokan aikinsa sun duba 'yan aji ɗaya fiye da 6,000 a yankuna huɗu na Amurka, suka fitar da sakamako a 2018. Sun gano yara 222 masu wannan matsala. Nawa ne daga ciki wani likita ya taɓa ganewa kafin nan? Biyu. Biyu tak cikin 222, a Amurka.

In babu fuska, saura tambayar uwa: kin sha giya lokacin da kike da cikinsa? Ku da kanku kun san nauyin wannan tambaya. Ko a inda shan giya ba abin kunya ba ne, uwa ba ta son a ce ita ta jawo wa ɗanta. Balle a wurare irin namu, inda ungozoma a wajen awo za ta ji nauyin furta ta, ko da kuwa ana dafa burukutu a bayan gari. Shi ya sa masu bincike suke neman shaidar da ba sai an yi tambaya ba: sawun barasa a jinin uwa, ko a baƙin kashin farko na jariri, ko kuma kwamfuta ta auna hoton fuska ta hango bambancin da ido ba ya gani.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankalina a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu aka yi shi, kuma akwai dalili. A gonakin inabi na yankin, shekaru aru-aru ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta tsarin, amma shan ya riga ya zauna a gidaje. Wani ƙiyasi na 2017 ya sa Afirka ta Kudu a kan gaba a duniya, da yara kusan 111 cikin kowane 1,000, alhali matsakaicin duniya bai kai 8 ba.

A can ne Sandra Jacobson da Joseph Jacobson suka zaunar da yara 'yan shekara biyar. Yaro na zaune, sai ya ji ɗan sauti, ƙiiit, nan take wani siririn bututu ya hura masa iska a ido, ya ƙifta. Sauti, iska, ƙiftawa. Sauti, iska, ƙiftawa. Lafiyayyen yaro, bayan an maimaita, da ya ji sautin zai ƙifta ido tun iskar ba ta iso ba. Ƙwaƙwalwarsa ta haɗa biyun. Kashi 75 cikin 100 na yaran da giya ba ta taɓa ba sun koya. A cikin masu cikakkiyar cutar, ko ɗaya bai kai ma'aunin ba. Wannan ba taurin kai ba ne, jama'a, ba wanda ke ƙin ƙifta ido don rashin kunya.

Magani fa? A nan zan sassauta murya, don babu ƙwayar da ke maido da abin da ya lalace. Wanda ake sa wa ido shi ne sinadarin kolin, wanda ake samu a gwaiduwar ƙwai da hanta. Su Jacobson sun ba masu juna biyu da ke shan giya giram 2 a kullum, kuma a sakamakon 2018 jariransu sun fi na sauran girma da iya gwajin ƙiftawar nan. A Minnesota, Jeffrey Wozniak ya ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kolin na tsawon wata tara, bayan shekara huɗu aka ga ɗan ci gaba a wajen riƙe abu a ka. Da aka gwada a 'yan makaranta da suka ɗan tasa a San Diego, ba a ga wani bambanci ba. Duka gwaje-gwajen nan mutane kaɗan ne a ciki, don haka kada wani ya ruga kemis.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, to a gurguje. Ann Streissguth ta bi rayuwar masu wannan matsala fiye da 400, ta ga kusan 6 cikin 10 na waɗanda suka tasa sun taɓa shiga hannun hukuma. Waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda aka gane matsalarsu da wuri, suka kuma tashi a gida mai kwanciyar hankali. Likitoci kuma har yau ba su samo wani adadin giya da za su ce ba ya cutar da ɗan tayi ba. Ranar 9 ga watan 9 ce ranar wayar da kai ta duniya a kan wannan batu.

A nan za mu dasa aya.