Matsayin Ɗalibi Ɗan Wasa a Ma'aunin Shiga Jami'a

Tambayar da ke gabanmu a wannan sashe ita ce: shin ya dace a sassauta sharuɗɗan shiga jami'a domin yaron da ya yi fice a guje-guje ko ƙwallo?

Kamar yadda aka sani, tun 1978 hukumar JAMB ce ke shirya jarrabawar shiga jami'o'in Nijeriya, kuma yawancin fannoni na neman kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Tsarin da aka saba bi a jami'o'in tarayya ya kasa gurabe uku: kashi 45 cikin 100 don cancanta, 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma don jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Babu kason wasanni a ciki. Amma ga shi jami'o'in na fafatawa a gasar NUGA tun 1966, kowace kuwa tana son lambar zinariya. Kwaɗayin nan kan sa a yi sha'awar shigo da gwani ta bayan gida, shi ya sa ake tantance 'yan wasa don tsame 'yan sojan gona.

Amurka ta riga mu fuskantar wannan matsala, domin can masu horarwa ne ke farautar 'yan wasa, har daga ƙetare. A 1980 Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas zuwa Jami'ar Houston saboda ƙwallon kwando. Da ƙorafi ya yi yawa cewa ana ɗaukar waɗanda ba za su iya karatun ba, ƙungiyar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta kafa doka a 1983, wadda ta fara aiki a 1986. Dokar ta wajabta wa ɗan wasa ya sami matsakaicin maki 2.0 a muhimman darussa 11 na sakandare, da maki 700 a jarrabawar SAT. An yi ta suka cewa sharaɗin SAT ya fi hana baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa shiga, a 2023 kuma aka janye shi. Sharaɗin darussa kuwa ƙaruwa ya yi zuwa 16, maki ya koma 2.3 tun 2016 a rukunin manyan jami'o'i.

Nan ne batun ya shafe mu masu tsara manhaja. Abin da ya ɗore shi ne abin da yaro ya koya a aji cikin shekaru. Hukumar NERDC da ke nan Sheda ta sa Ilimin Motsa Jiki da Kiwon Lafiya a manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007, sai dai manhaja ba ta iya tsare sa'o'in yaron da aka kwashe zuwa sansanin atisaye ana dab da WAEC ko NECO. Shugaban makaranta ya karɓi kofi, yaro ya rasa kiredit a Lissafi. In gwiwa ta goce, shi ke nan an yi biyu babu.

A ganinmu, kada a rage wa ɗan wasa ko kiredit ɗaya. Rangwamen da ya cancanta na lokaci ne: a tsara gasannin makarantu nesa da zangon jarrabawa, a rubuta darussan da ya rasa, a ba wani malami alhakin rama masa su, kuma sai ya ci jarrabawar zango kafin ya wakilci makarantarsa a zango na gaba.