Ziyarar tsibirin Gore: abin da matafiyi daga Tasawa da Mayahi zai shirya

'Yan kasuwa da ɗalibai daga Tasawa da Mayahi da ke zuwa Dakar, babban birnin Senegal, na iya ware wuni guda su leƙa tsibirin Gore, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1978.

Tsibirin na da nisan kusan kilomita 3 daga tashar jiragen ruwan Dakar, kuma jirgi kan kai mutum cikin kamar minti 20. Sai an nuna fasfo ko katin ɗan ƙasa kafin shiga, kuma 'yan Afirka na biyan kuɗin tikiti ƙasa da na Turawa. Sefar Nijar ce ake kashewa a can, babu wahalar canji.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne Gidan Bayi, wanda aka mai da gidan tarihi a 1962. A nan ake ganin ƙofar da ake kira "ta tafiya ba dawowa", mai tunatar da bayin da aka kwashe zuwa Amurka.

Gidan na rufe ranar Litinin. Ba motoci a tsibirin, sai tafiyar ƙasa, don haka a tanadi ruwa da takalmi mai daɗi.