Motar Agaji A Karu: Sayenta Ba Wuya, Riƙonta Ne Aiki

Ran Laraba 19 ga watan Maris na 2025, ana cikin watan azumi, daidai lokacin da ma'aikata ke rige-rigen komawa gida domin buɗa baki, wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta a gangaren da ya nufi gadar Karu, a kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar. Nan da nan wuta ta tashi. Sanarwar farko ta 'yan sanda ta ce mutum 6 sun rasu, motoci 14 sun ƙone, kuma cikin kwanakin da suka biyo baya adadin waɗanda suka rasu ya ƙaru. Rahotanni sun danganta haɗarin da tsinkewar birki.

Ba wannan ne karo na farko da mutanen wannan yanki suka zuba ido suna jiran jin jiniya ba. Ran 14 ga watan Afrilu na 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya, wadda ke maƙwabtaka da Karu, ya halaka fiye da mutum 70. A irin waɗannan ranaku, ran wanda ya ji rauni yana rataye ne ga mota guda da direba guda. In motar ta ƙi tashi, ko ta kafe a laka, ko ta kife a hanya, to duk ilmin likitocin da ke jira a asibiti ya zama ba shi da amfani ga majinyacin.

Gari ya fi hanya girma

Karu tsohon mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Da Janar Murtala Muhammed ya kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 a watan Fabrairu na 1976, sai iyaka ta raba ƙasar Karu biyu, wani sashe ya faɗa cikin Birnin Tarayya, wani kuma ya saura a inda yanzu yake Jihar Nasarawa. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba na 1991, tsadar haya a cikin birni ta riƙa tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Karu da Nyanya da Mararraba. Rushe-rushen da aka yi daga 2003 zuwa 2007 kuwa sun ƙara wa wannan ƙaura yawa.

Gidaje suka yi ta bazuwa ta hanyar Jikwoyi da Kurudu da Orozo har zuwa Karshi, suka hau duwatsu, suka gangara kwazazzabai, amma kwalta ba ta bi su ba sai kaɗan. Da mutum ya sauka daga babban titi ya kutsa cikin unguwanni, sai ya tarar da hanyar burji wadda ruwa ya zaizaye, da lungunan da motoci biyu ba sa iya giftawa a cikinsu. Damina a nan takan fara wajen watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Saboda haka mace mai naƙuda a ƙarshen irin wannan hanya, ko magidancin da gidansa ya kama wuta, bukatarsu ita ce motar da ke iya barin kwalta ta je har ƙofar gida, ta kuma komo lafiya.

Irin motocin da ke wannan aiki

Motocin da suka dace da wannan hali su ne masu ja da ƙafa huɗu, watau waɗanda injinsu ke iya juya tayoyin gaba da na baya gaba ɗaya. Dattawa sun san Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, wadda kuma ta daɗe tana yi wa jami'an lardi da ma'aikatan lafiya hidima a ƙasar nan. Daga baya motocin Japan suka karɓe fagen, musamman Toyota Hilux da Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, wadda kuma ƙungiyoyin agaji na duniya irin su Red Cross ke mayarwa motar ɗaukar majinyata a ƙasashe masu wuyar hanya.

Akwai kuma wasu 'yan ƙananan motoci marasa rufaffen jiki, masu kejin ƙarfe a kan kujerun, irin su Kawasaki Mule da John Deere Gator. A Amurka da Turai 'yan kwana-kwana kan ɗora musu gadon majinyaci ko ƙaramin tankin ruwa domin shiga daji da wuraren taron jama'a. Sun dace da lungu, amma ba don titin kwalta aka yi su ba, kuma wajibi ne wanda ke ciki ya ɗaura bel ya sa hular kwano. A ƙasar nan kuma an mayar da Keke mai ƙafa uku motar asibiti a ƙauyuka da dama. Tana da araha, amma a tuna cewa abin hawa mai ƙafa uku ba ya jure kwana da gudu. Saboda yawan kifewa ne ma aka daina sayar da baburan daji masu ƙafa uku a Amurka a 1988.

Sauri ya haifi nawa

Abin da ya sa waɗannan motoci ke iya tsallake rami da dutse, watau tsayin ƙafafunsu, shi ne kuma babban aibinsu a kan kwalta. Mota mai tsayi nauyinta yana can sama, in aka murɗa sitiyari da ƙarfi ana cikin gudu sai ta nemi kifewa, balle in an labta mata kaya a kan rufi. Nijeriya ta ga misalin haka ran 6 ga watan Maris na 2016, sa'ad da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe ana tsananin gudu, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta wuntsila. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda ke gaba sun ɗaura bel sun tsira, na baya kuwa ba su ɗaura ba.

Darasin da ke ciki ga direban agaji a fili yake. Jiniya roƙon hanya ce kawai, ba ta ƙara wa taya riƙon ƙasa, ba ta kuma rage tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya. A mahaɗar hanyoyi dole ya rage gudu har ya tabbata kowane ɓangare ya gan shi. In taya ta fashe, sai ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu da kanta kafin ya taɓa birki a hankali. Majinyaci kuma a ɗaure shi a gadonsa, gadon a ɗaure shi ga motar, haka nan tukunyar iskar oksijin, domin in mota ta yi tsayuwar ba-zata duk abin da ba a ɗaure ba yakan zama makami.

A wajen kwalta ma akwai ƙa'ida. Ana sa giyar ƙafa huɗu ne tun kafin a shiga laka ko yashi, ba bayan an kafe ba. Da an komo busasshiyar kwalta sai a cire ta, domin a yawancin waɗannan motoci barinta a ciki yana takura wa ƙarafunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi har su lalace. Tudu ana hawansa ne kai tsaye, a kuma sauko shi kai tsaye da ƙaramar giya, ba a yanka shi a karkace, ba a kuma taka kuloci ana gangarawa. A dogon gangare irin na Kugbo, wanda ke saukowa daga Asokoro zuwa Karu, direban da ya dogara ga birki kaɗai yana iya sa shi ya yi zafi har ya daina kamawa. Giya ce ya kamata ta riƙe motar, birki ya zama mataimaki.

In an isa wurin haɗari, inda za a ajiye mota shi ma ilmi ne. A tsaya nesa da wuta, ta wajen da iska ke fitowa, kuma a sama da gangare domin kada man da ya tsiyaye ya malalo ƙarƙashin motar. A juya hancinta ya fuskanci mafita tun kafin 'yan kallo su rufe hanya.

Ruwa ba sa'an kwando ba

Babu abin da ke ruɗin direban babbar mota kamar ruwan da ya malale kan kwalbati. Masana yanayi na Amurka sun ƙiyasta cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa, watau ƙafa biyu, yana iya tafiya da yawancin motoci har da a-kori-kura. Ban da haka, jan ruwan damina yana ɓoye abin da ke ƙasa, mai yiwuwa ma ya riga ya cinye rabin hanyar.

In ruwa a tsaye yake, aka kuma auna zurfinsa da sanda aka ga bai kai bakin da inji ke shaƙar iska ba, sai a ratsa shi sannu a hankali ba tare da canja giya a tsakiya ba. Inji in ya shaƙi ruwa, nan take yake lalacewa. Bayan an fito sai a ɗan tattaka birki ana tafiya domin ya bushe. In kuwa ruwan yana gudu, hanyar lafiya a bi ta da shekara: gara a zagaya a makara da a ƙara wa masu ceto aikin ceton 'yan'uwansu.

Ba a fafe gora ran tafiya

Motar agaji takan kwana biyu ba ta motsa ba, sa'an nan a bukace ta cikin minti ɗaya. Saboda haka dubawar kowace safiya, ko duk lokacin da aka canja masu aiki, ita ce ginshiƙin riƙonta. Direba zai duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, da fanbel, da kan batir. Zai leƙa ƙarƙashin motar ko akwai ɗigon mai. Zai gwada fitilu da jiniya da waifa da rediyo, ya auna iskar tayoyi tun ba su yi zafi ba, har da safaya, ya kuma tabbata jak da sifana da shebur da igiyar ja da tukunyar kashe wuta suna nan. Tanki kuwa a cika shi bayan an komo daga aiki, ba bayan an sami kira ba.

Taya tana tsufa ko da ba a hau ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira: ga misali 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a sauya taya bayan shekara huɗu daga wannan lokaci, saboda haka tsohuwar taya 'yar gwanjo ba ta da wuri a ƙarƙashin motar ceto.

Kowane yanayi da irin ɓarnarsa. Da hunturu ƙura takan toshe matacin iska, ta rage wa inji ƙarfi, ta sa shi shan mai. Da damina laka takan daskare a kan lagireto da cikin birki, ruwa kuma ya shiga man aksul, wanda in an buɗe aka ga ya yi fari kamar madara to sai a zubar a sake. Motar dizal tana da matacin da ke raba ruwa da mai, wanda ke bukatar a tsiyaye shi a kai a kai. Masu ƙera irin waɗannan motoci kan yanka kilomita 5,000 domin juyen baƙin mai ga motar da ke aiki cikin ƙura. Man birki yana tsotsar laima, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Giris kuma, duk da amfaninsa ga ƙarafunan mota, bai kamata ya kusanci bakin tukunyar oksijin ba, domin haɗuwarsu tana haddasa gobara. Duk abin da aka duba ko aka gyara a rubuta shi cikin littafin motar, da kwanan wata da sa hannu.

Ina gizo ke saƙa?

Ba rashin hukumomi ne matsalar ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, mai lambar kira 122, an kafa Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa a 1999, ga 'yan kwana-kwana, ga kuma lambar 112 ta kiran gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke biyo bayan bikin miƙa makullai. Sayen mota yana da ranar yanka kintinkiri da ɗaukar hoto, sayen taya da matacin mai ba su da shi. Ya kamata duk hukumar da za ta sayi motar agaji ta rubuta kuɗin mai da na gyara na shekara cikin kasafi guda da kuɗin sayenta, ta zaɓi samfurin da makanikan Apo da na Karu suka san cikinsa kuma kayan gyaransa ke kasuwa. Ya kamata kuma a daina kallon direban motar asibiti a matsayin ɗan aike. Shi ma ma'aikacin ceto ne, yana bukatar horon tuƙi a laka da tudu, da horon taimakon farko, da isasshen barci, da ikon ya ce wannan mota ba za ta fita ba sai an gyara birkinta, ba tare da tsoron rasa aikinsa ba.

Jama'a ma suna da nasu rabon. Mai shagon da ya shimfiɗa kaya har tsakiyar lungu, da mai motar da ke manne wa motar asibiti a baya domin ya tsere wa cunkoso, da 'yan kallon da ke cika wurin haɗari da wayoyi a hannu, duk suna cin mintocin wanda ke kwance a ciki. Wanda ya ji jiniya a gangaren Kugbo ya ratse gefe, mai yiwuwa ɗan gidansu ne ya buɗe wa hanya.