Gladstone da Disraeli: Yadda Jaridun Ingila Suka Mayar da Majalisa Dandalin Jama'a

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901, siyasar ƙasar ta karkata ne tsakanin manyan jam'iyyu biyu, wato Conservative ta masu ra'ayin mazan jiya da Liberal ta masu sassaucin ra'ayi, kuma tsawon kusan shekara talatin takarar ta taƙaita a kan mutum biyu, Benjamin Disraeli na Conservative da William Gladstone na Liberal. Ba a fahimtar girman wannan gaba sai an dubi jaridun lokacin, domin su ne suka ɗauko muhawarar da ake yi a zauren majalisar wakilai, inda 'yan ɗaruruwan mutane kaɗai ke sauraro, suka kai ta gidajen masaƙa da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa.

Kafin tsakiyar ƙarnin, jarida kayan masu hali ce, saboda gwamnati ta ɗora mata haraji iri uku: na hatimin da ake bugawa a kan kowane kwafi, na tallace-tallacen da ke cikinta, da na takardar da ake buga ta a kai. Masu adawa da waɗannan haraje-haraje suna kiransu harajin ilimi, kuma suna da gaskiya, domin manufarsu ta haɗa da nisanta talaka daga karatun siyasa. An soke harajin talla a 1853, na hatimi a 1855, sai na takarda ya zama abin jayayya, domin lokacin da Gladstone, yana ministan kuɗi, ya nemi soke shi a 1860, majalisar dattawa ta masu sarautar gado ta ƙi amincewa. Shekara na zagayowa ya haɗa dukan matakan kuɗinsa cikin ƙudurin doka guda, yadda dattawan ba za su iya ture ɗaya ba sai sun ture duka, kuma da wannan dabara harajin ya faɗi a 1861. Jaridar Daily Telegraph, wadda aka kafa a 1855 kuma ake sayar da ita kwabo ɗaya, ta ci moriyar wannan nasara, ta kuma rama alheri da yi wa Gladstone laƙabin William na talakawa, sunan da ya bi shi shekaru masu yawa.

Asalin gabar mutanen biyu ya girmi jaridun kwabo. A 1846 Firayim Minista Robert Peel ya soke dokokin da ke tsauwala haraji a kan hatsin da ake shigowa da shi daga waje, lamarin da ya raba jam'iyyarsa biyu. Disraeli ya yi suna da zafafan jawaban da ya riƙa yi wa Peel, shi kuwa Gladstone, wanda ke ɗaukar Peel a matsayin ubangidansa a siyasa, bai taɓa yafe wannan ba. A Disamba 1852 Disraeli ya gabatar da kasafin kuɗi, Gladstone ya miƙe cikin tsakar dare ya warware shi dalla-dalla, gwamnati ta sha kaye a ƙuri'a ta sauka. Daga nan masu ɗauko rahoto, waɗanda ke zaune a barandar da aka keɓe musu sama da kujerar shugaban majalisa, suna karɓa-karɓa wajen rubuta jawabai da taƙaitaccen rubutu na gaggawa, suka samu abin da mai karatu ke so, wato gwanaye biyu masu halaye mabambanta: ɗaya marubucin littattafan hikaya mai kaifin harshe da iya gatse, ɗayan kuma mai tsananin riƙo da addini wanda ke ɗaukar kowace mas'ala a matsayin batun halal da haram.

Jaridun ba su kasance 'yan kallo ba. Standard tana bayan masu ra'ayin mazan jiya, Daily News, wadda Charles Dickens ya zama editanta na farko a 1846, tana bayan masu sassaucin ra'ayi, shi kansa Disraeli ya taimaka wajen kafa jaridar mako-mako mai suna The Press a 1853 yana rubutu a cikinta ba tare da sa sunansa ba. The Times, ƙarƙashin John Delane wanda ya riƙe ta daga 1841 zuwa 1877, ba ta ɗaure kanta ga jam'iyya ba, amma ministoci sukan tsegunta masa sirrin gwamnati don neman goyon bayansa. Mujallar barkwanci ta Punch, ta hannun mai zane John Tenniel, ita ta kafa kamannin mutanen biyu a zukatan jama'a, kuma a nan akwai abin takaici, domin zane-zane da rubuce-rubuce da yawa na lokacin sun riƙa zolayar Disraeli da asalinsa na Bayahude, suna nuna shi kamar baƙon da ba a yarda da shi ba, ko da yake tun yana yaro aka shigar da shi addinin Kirista.

Dokar gyaran zaɓe ta 1867, wadda Disraeli ya jagoranta, ta kusan ninka yawan masu jefa ƙuri'a, sannan aka kafa kamfanin dillancin labarai na Press Association a 1868, gwamnati kuma ta karɓe wayar tangaraho a 1870, abin da ya sa jaridun Manchester da Leeds da Edinburgh suke iya buga jawabin daren jiya da safiyar yau. Gladstone ya fi abokin hamayyarsa gane ma'anar wannan sauyi. A 1876, lokacin da Daily News ta buga rahotannin kisan da dakarun Daular Usmaniyya suka yi wa fararen hula a Bulgeriya, Disraeli, wanda ke ganin daular a matsayin garkuwa tsakanin Rasha da hanyar Indiya, ya yi watsi da labarin a matsayin hirar teburin mai shayi. Gladstone ya fito da ƙasida a watan Satumba wadda aka sayar da kimanin kwafi 200,000 cikin wata guda, daga bisani kuma, a yaƙin neman zaɓen mazaɓar Midlothian ta ƙasar Scotland a 1879 da 1880, ya riƙa yin dogayen jawabai a zaurukan taro da tashoshin jirgin ƙasa, yana sane cewa masu sauraronsa na haƙiƙa su ne miliyoyin da za su karanta maganar gobe. Jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1880, Disraeli kuwa, wanda tuni ya koma majalisar dattawa da sarautar Beaconsfield, ya rasu a 1881.

Ƙarfin jarida da Gladstone ya yi amfani da shi ya juyo kansa a kan batun Sudan. A Janairu 1884, yayin da rundunar Muhammad Ahmad al-Mahdi ke fatattakar sojojin Masar, W. T. Stead na jaridar Pall Mall Gazette ya buga hira da Janar Charles Gordon, ya kuma matsa lamba a tura shi Khartoum, gwamnati ta amince cikin 'yan kwanaki, bisa cewa aikinsa shi ne kwashe sojoji da ma'aikata. Gordon ya zauna, aka yi wa birnin ƙawanya, Gladstone kuwa ya yi ta jinkirin aika agaji, har ya faɗa a majalisa cewa mutanen Sudan suna gwagwarmayar neman 'yancinsu ne bisa haƙƙi, magana mai nauyi wadda jaridun hamayya suka binne ƙarƙashin labarin Bature guda da ke cikin haɗari. Khartoum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Gordon, jiragen farko na rundunar agaji suka iso bayan kwana biyu. Masu suka suka juya haruffan laƙabin girmamawa da ake yi wa Gladstone, na babban dattijo, suka mayar da su makashin Gordon, Sarauniya kuma ta aika masa saƙon tsawatarwa ta tangaraho ba tare da an ɓoye kalmominsa ba, yadda ma'aikatan waya suka karanta shi kafin ya isa hannunsa. A watan Yuni na wannan shekara gwamnatinsa ta sha kaye a kan kasafin kuɗi ta sauka, Lord Salisbury ya karɓi mulki.