Gawo a Zanen Ibrahim El-Salahi

An haifi Ibrahim El-Salahi a Omdurman a 1930, ya koyi zane a Khartum da Landan. Itacen da ya yi ta zanawa shi ne wanda mutanen Sudan ke kira haraza, wato gawo. Kowane manomi ya san halin gawo: da damina yakan zubar da ganye, sai da rani ya yi kore shar. El-Salahi, wanda aka tsare a kurkukun Kobar a 1975 ba tare da shari'a ba, ya ga alamar 'yancin kai a wannan hali. Bai damu da kwaikwayon rassa da ganye ba. Da alƙalami da tawada ya riƙa jera dogayen layuka, har itacen ya fito kamar mutum a tsaye.