Ya ci amanarsa da rai, ya bi masa jini bayan mutuwa

A shekara ta 1930 ne marubucin Amurka Dashiyel Hamet, tsohon ma'aikacin kamfanin bincike na Pinkerton, ya fito da littafinsa Shahon Malta. Jarumin littafin, Sam Sifed, mai binciken sirri ne a birnin San Faransisko, ofis guda suke da abokin sana'arsa Mayils Aca.

Sifed ba waliyyi ba ne. Yana neman matar Aca a ɓoye, yana yi wa ƴan sanda ƙarya, yana ciniki da miyagun da ke farautar wani gunkin shaho da ake cewa na zinariya ne. Da gunkin ya zo hannu aka kankare shi, sai ga dalma.

Tun farkon labarin aka harbe Aca. Daga ƙarshe Sifed ya gano cewa Birijid ce ta kashe shi, matar da ta kawo musu aikin, wadda kuma ta shiga ransa. Ta yi magiya, amma ya miƙa ta ga hukuma. Hujjarsa ita ce, idan jinin abokin sana'a ya tafi a banza, mutuncin sana'ar duka ya zube.

To ƴan kasuwa, ku da kuka san haɗin jari, irin wannan mutum za ku ba shi ajiya?